Son Banza da Gumin Mai Alƙalami

Son banza shi ne mutum ya ci moriyar aikin wani ba tare da ya biya ba, kuma ba tare da ya damu da sanin ko an biya mai aikin ba. Wannan ɗabi'a ta fi samun gindin zama a sana'o'in da wahalarsu ba ta ganuwa da ido, kamar rubutu da koyarwa, domin mai kallon fim yana ganin fuskar jarumi amma ba ya ganin daren da marubuci ya raba yana tsara maganar da jarumin zai furta, haka kuma mai riƙe da takardar digiri yakan manta da shekarun da malami ya ɓatar kafin ya cancanci tsayawa a gabansa.

A Amurka, ranar 5 ga Nuwamba 2007, marubutan fina-finai da wasannin talabijin kimanin 12,000 suka ajiye alƙalami, suka shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai 12 ga Fabrairu 2008, suna neman a ƙara musu kaso daga kuɗin da kamfanoni ke samu idan an sayar da aikinsu a faifai ko an nuna shi a intanet. Abin lura a wannan yaji shi ne halin da masu kallo suka nuna, domin duk da cewa shirye-shiryen da suke ƙauna sun tsaya cak, da yawansu sun riƙa kai wa masu yajin abinci a ƙofar kamfanoni, wasu kuma suka haɗa kuɗi suka sayi fensira masu ɗimbin yawa aka aika wa shugabannin kamfanonin a matsayin saƙon goyon baya ga marubuta. An sake irin wannan yaji a 2023 na tsawon kwana 148, inda aka ƙara da batun hana kamfanoni maye gurbin marubuta da ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar kwamfuta mai iya tsara rubutu da kanta. Waɗannan masu kallo sun fahimci cewa jin daɗinsu bashi ne a wuyansu, kuma sun yarda su yi haƙurin rashin nishaɗi har a biya wanda ya samar da shi.

A ƙasar Hausa lamarin ya sha bamban, kuma a nan ne son banza ya yi katutu. A Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda, kamar sauran garuruwan Arewa, rumfunan cajin waya sun zama wuraren tura fina-finai, inda matashi zai miƙa ɗan canji a cika masa waya da shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Kwana Casa'in da Daɗin Kowa, alhali ko sisin kwabo daga kuɗin ba ya komawa ga waɗanda suka yi aikin. Wannan turi na daga cikin abubuwan da suka durƙusar da kasuwar faifan Kannywood, har masu shirya fim suka koma dogaro da YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Marubuci shi ne ya fi kowa shan kashi, domin galibi sau ɗaya ake biyansa, ba shi da kaso komai daɗewar da fim ya yi yana kawo kuɗi, kuma ba shi da ƙungiya mai ƙarfin da za ta tsayar da masana'antar saboda shi. Marubutan littattafai, waɗanda yawancinsu mata ne, suna sayar da labaransu ta WhatsApp a kan 'yan ɗaruruwan naira, sai mutum ɗaya ya saya ya watsa a zauruka goma, sannan shi ne kan gaba wajen zagin marubuciya idan ci gaban labarin ya yi jinkiri. Mafi munin abin shi ne irin wannan mutum yana kiran kansa masoyi, yana zuba yabo da addu'a, alhali da hannunsa yake toshe hanyar abincin wanda yake yabo.

Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Akan yi amfani da karin maganar don nuna cewa ba a samun alheri sai da wahala, amma tana ɗauke da wani hukunci mai nauyi ga wanda aka kawo wa naman har gida, domin idan bai yi gudun da ƙafarsa ba, to gudun wani ya ci, kuma wannan gudu ba ya zama halal don kawai mai cin bai ga lokacin da aka yi shi ba. Addini ma bai bar ƙofa a nan ba, tun da hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya yi umarni da a biya ma'aikaci ladansa tun guminsa bai bushe ba, kuma babu inda aka ware gumin ƙwaƙwalwa daga gumin dantse. Abin takaici ne a ga mutumin da ke tsoron cin kuɗin marayu, mai kiyaye sallarsa a jam'i, yana raba littafin da ba nasa ba cikin kwanciyar rai, yana ma ganin taimako yake yi.

Batun ɗalibai a lokacin yajin malamai ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma zalunci ne a auna su da ma'aunin mai kallon talabijin, domin mai kallo nishaɗi ya rasa, ɗalibi kuwa shekarun rayuwarsa ne ke zurarewa. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin wata tara a 2020, ta sake yin na wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022, yayin da yajin malaman kwalejojin kimiyya da fasaha na 2013 zuwa 2014 ya lashe watanni masu yawa daga karatun ɗalibai a makarantu irin ta tarayya da ke Ƙaura Namoda. Ɗan Zurmi ko Shinkafi da aka sallamo daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Jami'ar Tarayya ta Gusau yana dawowa ne ta hanyar da matafiya ke bi da fargabar 'yan bindiga, zuwa garin da noma ya yi wuya, yana lissafin cewa idan ya haura shekara 30 kafin ya kammala ba za a tura shi bautar ƙasa ba. Gajiyar irin wannan matashi gaskiya ce, kuma bai cancanci kowa ya yi masa wa'azin haƙuri daga inuwa ba.

Sai dai akwai masu fakewa da wannan gajiya, kuma su ne manyan masu son banza. Hukumomin da suka sa hannu a yarjejeniyar 2009 da ASUU suka bar ta shekara da shekaru ba a cika ba, sannan a 2022 suka riƙe albashin malamai bisa dokar ba aiki ba biya, suna son jami'a ta ci gaba da yaye likitoci da injiniyoyi a kan gumin da ba a biya ba, kuma duk lokacin da malamai suka tsaya sai a nuna musu ɗalibi a ce ga wanda kuke cuta. Iyaye da yawa sukan karɓi wannan karatu, su kira malami mai kwaɗayi ba tare da sun taɓa tambayar nawa yake ɗauka a wata ba. Ɗaliban da suka tare manyan hanyoyi a Legas a Satumbar 2022, da ƙungiyar ƙwadago ta NLC da ta yi zanga-zangar goyon baya a ƙarshen Yulin shekarar, sun kai kukansu ƙofar gwamnati, inda mabuɗin matsalar yake. Duk da haka kotun ma'aikata ce ta tilasta wa malaman komawa aji, kuma tun daga lokacin jami'o'in Arewa suke ta asarar ƙwararru, wasu zuwa ƙasashen waje, wasu zuwa kamfanoni, suna barin ɗalibin Shinkafi a aji mai cunkoso da malami ɗaya da ke ɗauke da aikin mutum uku.