Sharhin Baiti na Bakwai: Haƙƙin Waɗanda Suka Kwanta a Fagen Fama

*Suna bisa birni, wata rana a kankare,*
*Du'a'i ga na kwance, ladansa bai ƙare.*

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah Ya yi maka rahama, birnin nan namu na Injamena a kan gawa aka raɗa masa sunansa na fari. Ranar 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza a Kusiri, ƙetaren kogi, tsakanin Rabe da rundunar Faransa. Rabe ya faɗi, Lami shugaban rundunar shi ma ya faɗi. Sai Nasara suka kira wurin nan Fort Lami don tunawa da nasu. Sunan ya zauna shekara 73, kana aka kankare shi a 1973.

To, ina sauran? Akwai Musulmi a sahun nan, akwai su a wancan, da bayi waɗanda aka tura ba da sonsu ba. Babu mai iya lissafa sunayensu yau. Shin mene ne haƙƙinsu a kanmu?

Abin da nake gani, tunawa iri biyu ce. Akwai wadda rayayye ke yi don kansa, ta alfahari da ajiye gaba. Akwai wadda ake yi don mamaci, ita ce addu'a da sadaka da ɗaukar izina. Dubi Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira: an binne shahidai wajen 70 inda suka faɗi, wasu bibbiyu a kabari guda. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya koma ya yi musu addu'a bayan shekara takwas. Amma da Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza, ya musulunta, bai ɗauki fansa a kansa ba.

Wani zai ce, yaya za a haɗa azzalumi da wanda aka zalunta? Na ce, ba a haɗa su. A faɗi ɓarnar da Rabe ya yi wa Kukawa a 1893, a faɗi ta Nasara, kada a rage kome. Hisabi kuwa na Allah ne, ba gadon jikoki ba.

Mun ga abin da gaba ke haifarwa a 1979 da 1980, sa'ad da 'yan ƙasa ɗaya suka juya wa juna bindiga cikin unguwanninmu, jama'a suka tsallaka ruwa zuwa Kusirin nan dai neman mafaka. Wanda ya tuna da matattun waɗannan shekaru don ya wasa wuƙa, ya ci amanarsu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, waɗanda muka sani da waɗanda Shi kaɗai Ya sani, Ya kashe wutar fitina. Wallahu a'alamu.