Mu ci wainar sa, mu yi masa ature?

Mai karatu, bari in yi maka wata tambaya, amma kan ka za ka ba amsa, ba ni ba. Ran da ka kalli fim ɗin 'Ibro Ɗan Daudu' na 2002, inda marigayi Rabilu Musa ya ke karairaya ya na fari da ido, ka yi dariya ko ba ka yi ba? Ni dai na yi, har da riƙe ciki. To, shi wanda aka kwaikwaya ɗin fa, ka taɓa tambayar yadda ya kwana?

Mu mutanen Araba, nan bakin iyakar Illela da Birnin Ƙonni, ganau ne. Da jihohin Arewa su ka fara aiki da Shari'a a 2000, aka rufe gidajen mata masu zaman kan su, su da 'yan daudun da ke raɓe da su su ka watse, wasu su ka tsallaka Nijar. Can ma ba su samu sakewa ba, domin a Nuwambar shekarar masu zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA sun far wa mashaya da gidajen karuwai a Maraɗi.

Na san ɗaya daga cikin waɗanda guguwar ta yar a nan. A ƙuruciyar sa shi ke cashewa a wurin ajo, manyan gari na yi masa liƙi da dare, gari na wayewa su kau da kai. Da tsufa ya zo, ya koma suyar waina a bakin tasha. Direbobi na layi a gaban tandar sa, yara na bin sa da ature. Wata rana ya ce mani, "Malam, kowa na son hannu na, ba mai son gaisuwa ta." Da ya kwanta ciwo, masu zuwa duba shi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Kada ka ce ina halatta daudu. Malamai sun daɗe da bayyana hanin namiji ya kamanta kan sa da mace, kuma ban zo musu ba. Amma addinin da ya yi wannan hani shi ne ya hana izgili da cin mutuncin ɗan Adam, ya kuma umarce mu da duba maras lafiya. Don me mu ka riƙe ɗaya, mu ka saki sauran? In rangwaɗar sa laifi ce, wanda ya yi liƙi da wanda ya sayi kaset don ya more ta su na da kamasho. Ai ɓera da daddawa tare ake yi masu faɗa.

Za ka ce ai fim faɗakarwa ya ke yi. To, wane fim ka gani da ya nuna yadda yaro ke faɗawa wannan rayuwa, ko halin da mahaifiyar sa ke ciki, ko wanda zai ɗauki gawar sa? An ɗauki muryar sa da tafiyar sa an yi ciniki, an bar mutumin a waje. Wa'azi kuwa ba ya shiga kunnen wanda ba ka ko yi wa sallama.

Marubuta da 'yan fim, ƙalubale gare ku. Kai kuma mai karatu, in ka tsaya sayen waina gobe, fara da gaisuwa.