Mai Jego Da Taɓin Hankali: Kurkuku Ko Magani?

Jama'a, shin ana hukunta wanda hankalinsa ya gushe? Likitoci sun ce cikin kowace haihuwa 1,000, mace 1 ko 2 takan sami taɓin hankali, galibi a makonni biyun farko na jego. Wata ma har takan halaka jinjirinta.

Dokar Final Kot ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta ɗauke hukuncin kisa daga uwar da ta kashe ɗanta bai cika wata 12 ba, muddin haihuwa ko shayarwa ce ta rikita ta. Ingila ta yi irin wannan doka a 1938. Shari'a kuwa ta riga su. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya ruwaito cewa Mu'awiya ya hana a yi wa mahaukaci ƙisasi, domin hankali shi ne sharaɗin taklifi.

To, sassaucin alƙali ba ya dawo da rai. A ƙauyukan dajin Kamuku, a ƙasar Birnin Gwari, likita yana nesa, sai a ce iskoki ne. Idan mai jego ta daina barci, tana sambatu, wajibi ne miji da dangi su tsare jinjirin, su kai ta asibiti, ko da Barnawa ne a Kaduna. Wanda ya gani ya yi sakaci, shi ne mai hankalin da za a tambaya ranar gobe.

Allah ya sa mu dace.