RIJIYA BAYAN RIGYAWA: DOGARA GA ALLAH KO SAKACI?

Ya mai karatu, a watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta fashe, kogin Ngadda ya malala cikin Maiduguri, kamar yadda ya taɓa yi a 1994. Da ruwa ya janye sai wata masifa ta biyo, watau ciwon amai da gudawa. Gama rigyawa takan kwaso ƙazantar salga da mushe ta zuba cikin rijiyoyi. Ruwan yakan kwanta ya yi garau, amma ƙwayoyin cuta suna ciki, ido ba ya ganinsu.

To, wani yakan ce, “Allah ne mai tsarewa, ni dai zan sha.” Shin wannan bangaskiya ce? A'a, gwada Ubangiji ne. Sa'anda Shaiɗan ya ce wa Yesu ya faɗo daga bisan haikali wai mala'iku za su tare shi, Yesu ya ƙi. Duba kuma Kubawar Shari'a sura 23, inda aka umurci Isra'ilawa su yi bayan gida can bayan zango, su rufe da ƙasa. Allah wanda ya ba da ruwa, shi ne ya ba da hankali da hannu. Wanda ya ƙi aiki da su ya rena kyautar.

Sakacinka kuwa ba kai kaɗai yake kāyarwa ba. Jaririn gidanka bai zaɓi abin da ya sha ba, haka kuma baƙon da ya roƙi ruwa a ƙofarka. In ka san rijiyarka ta ƙazantu, ka yi shiru domin kunya, alhakinsu yana wuyanka.

Domin wannan fa, ka faɗa wa maƙwabta. Ku taru ku yashe rijiyar, ku kwashe laka. Ku kira ma'aikatan lafiya su zuba mata maganin kulorin bisa gwargwado, ku ɗaga bakinta, ku yi mata murfi. Kafin a gama, a tafasa ruwan sha har ya yi ta ɓulɓula minti guda, a rufe randa, a keɓe mata moɗa mai tsabta. In taka ta riga ta wani gyaruwa, kada ka tsawwala kuɗi, kada kuwa ka tambayi mai ƙishi addininsa. Ubangijinmu da kansa ya roƙi ruwa wurin mace Basamariya a bakin rijiya.

Ka yi addu'a, ɗan'uwa, sa'annan ka tashi ka hura wuta.