Odisiyus da Gizo

A Briqueterie, unguwar Hausawa ta Yaounde, yaro yakan kawo littafin Odisiyus gida, uban ya ga sunayen alloli, ya ƙwace. To, karanta labarin gunki sujada ce? Manzo Bulus ya ƙi hadayar firist na Zafsa a Listira, amma a Atina ya kawo maganar mawaƙan Helenawa cikin wa'azinsa.

Haɗarin yana wani wuri dabam. Odisiyus ya tsere wa dodo mai ido ɗaya ta wurin ƙarya, kamar Gizo, yara kuwa sukan tafa masa. Amma Homa bai tsaya nan ba. Fahariya ta sa mutumin ya tona sunansa, tafiyarsa gida ta ci shekara 10, abokansa duka suka hallaka. Yaron da aka ƙwace wa littafi bai kai wannan shafi ba.