Kafireta da Ƙaddara a Fadamar Haɗeja

A fadamun Auyo da Kirikasamma, noman rani ya rataya a wuyan ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke jiƙa fadama ta sauya hali, injin ya maye gurbin jigo.

To, idan manomi ya ja igiya har kafaɗa ta yi tsami, injin ya ƙi tashi, shinkafa na yaushi, ƙaddara ce ko sakaci?

Bakanike yana da tasa amsar. Fetur ɗin da ya kwana watanni a kafireta yakan daskare ya toshe ƴar ƙofar man. Ƙurar hunturu kan cika matacin iska, man bumburutu kan zo da ruwa, fulogi ya yi baƙi. Duk waɗannan sababai ne da hannu ke iya kawarwa, kuma malaman Sunna sun daɗe suna karantar da cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Wanda ya jingine injinsa da mai a ciki tun damina, bai kamata ya ɗora wa ƙaddara laifin ba.

Amma gyara yana da iyaka. Ambaliyar 2022 ta shanye gonakin mai kula da marar kula baki ɗaya. Janye tallafin mai a Mayun 2023 ma ba manomi ya jawo ba, duk da haka wasu suka sauya kafireta, suka koma tayar da injinsu da iskar gas.