Cinikin Biri A Sama: Gwanjon Intanet A Ma'aunin Shari'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, duk wanda ya saba cin kasuwar Birnin Kudu ko ta Sara a ƙasar Gwaram ya san cewa tsohon kaya ba a sayensa sai an juya shi, an ƙwanƙwasa, an kuma dubi fuskar dillali. Yau kuwa sai ka ga malamin makaranta yana neman begilar da yara za su yi fareti da ita, sabuwa ta fi ƙarfin aljihunsa, sai ya duƙufa a kan waya yana taya wadda ke Legas ko Ingila, bai taɓa ta ba, bai san mai ita ba. Hukuncin busa da kiɗa malamai sun daɗe suna tattaunawa a kansa, ba shi ne a gabanmu ba. Tambayarmu ita ce: idan kaya ya iso da aibi, laifin wa? Na mai sayarwa da ya yi shiru, ko na mai saye da bai bincika ba?

Da farko dai gwanjo halal ne. An ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (SAW) ya sa shimfiɗa da ƙoƙon wani mabuƙaci a kasuwa, aka taya dirhami ɗaya, ya nemi ƙari, ya sallama a dirhami biyu. Abin da aka haramta shi ne najashu, wato mutum ya ƙara kuɗi ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi na bayansa. A intanet wannan ya fi sauƙi, domin mutum ɗaya yana iya buɗe suna biyu ya riƙa taya kayan kansa. Kuɗin da ya ƙaru ta wannan hanya haramun ne, ko da ba wanda ya gane.

Haka nan mazhabar Imamu Malik ta halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, muddin siffar ta cika har ta kawar da jahilci. Mai Risala ya ƙara da cewa ba a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin kaya ya zo, sai in wurin yana kusa, ko abin ba ya saurin sākewa, kamar gida ko gona. Hikimar a fili take: abin da ke nesa yana iya lalacewa kafin ya iso, ko ya zo ba yadda aka faɗa ba.

To, mece ce cikakkar siffa ga begila? Hoto mai ƙyalli ba siffa ba ne, domin aibinta a ciki yake ɓuya. Sai an faɗi ko maɓallanta uku suna hawa da sauka ba tare da cijewa ba, ko bututun da ake ja don daidaita murya sun maƙale, ko akwai lotsawa kusa da wurin sa baki, ko an taɓa yi mata liƙi, ko tana yoyon iska. Akwai kuma wani ciwo da ke kama tagulla: tutiyar da ke cikinta tana zagwanyewa saboda danshi, sai jajayen ɗigo su bayyana, ƙarshensu huda. Mai kayan ya san waɗannan duka, mai saye kuwa bai sani ba. Saboda haka nauyin bayani ya fi rataya a wuyan wanda ya sani.

Wani zai ce: “Ni ban yi ƙarya ba, ba a tambaye ni ba ne.” Wannan hujja ba ta tsayawa. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa. Mai abincin bai furta ƙarya ba, ya dai bar busasshen a sama, amma duk da haka aka kira aikinsa algus. Ɗaukar hoton gefen da ke da kyau a juya wa lotsattsen baya, shi ne wancan tarin abinci a sabuwar riga. Shi ya sa shari'a ta ba mai saye zaɓi idan ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa: ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. In kuwa an bayyana masa ya yarda, ba shi da ta cewa, don kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Har ma ana ba da labarin cewa cikin kayan farko da aka sayar a shafin da ya zama eBay a 1995 akwai wata 'yar fitilar nuni da ta lalace, mai ita ya tuntuɓi mai sayen don ya tabbata ya san ba ta aiki, shi kuwa ya ce ya sani. Wannan ciniki ne mai tsabta.

Saura mai saye. Shin bincikar mai kaya munana zato ne ga Musulmi? A'a. Ayar bashi a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi umarni da rubutu da kafa shaidu a tsakanin muminai, ba don ana tuhumarsu ba. Saboda haka ka duba shekarun da ya yi yana ciniki a shafin, da abin da abokan cinikinsa na baya suka faɗa a kansa. Ka nemi ya busa ta ya turo maka, ya nuna lambar da ke jikinta, ya kuma yarda da sharaɗin mayarwa. Wanda ya ƙi amsa tambaya, ko ya ce ku koma gefe ka tura kuɗi asusunsa, ka bar masa kayansa. Idan kuɗin makaranta ne ko na ƙungiya, binciken ya zama wajibi, don amana ce a hannunka.

Sakacin mai saye yana jawo masa asarar naira, amma ba ya wanke mai ɓoye aibi a gaban Allah. Allah Ya tsare mu daga cin haram, Ya sa albarka a cinikinmu, amin. Wassalamu alaikum.